TAURARIN DA KE CIKIN JIKINMU

Yara, in dare ya yi, sama ta yi garau, ba hadari ba ƙura, ku fita tsakar gida ku ɗaga kai. A babban birni irin Kano hasken fitilu ya kan ɓoye yawancin taurari. Amma ran da aka ɗauke wuta a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, sai ku ga sun fito birjik, kamar an watsa gero a kan baƙin mayafi. Ga Kaza da 'Ya'yanta can sun taru wuri guda. Ga Zara, wadda a ke kira matar wata, tana ta walƙiya. Duk wannan kun saba gani. To, ko kun san akwai waɗansu taurari da ku ke ɗauke da su cikin jikinku dare da rana? Ku saurara ku ji.

Ran nan na kai ziyara wata makarantar firamare a Tarauni, na shiga aji shida. Da muka gama duba littattafai, sai na ce wanda ke da tambaya ya yi. Wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, yayana yana koyon aikin likita. Na ga wata kalma cikin littafinsa, na kwafo ta."

Na miƙa mata alli. Ta je ta rubuta a allo: stellate. Sa'an nan ta juyo ta ce, "Malam, sunan wata muguwar cuta ce?"

Na ce, "A'a, 'yata, kwantar da hankalinki. Turawa su kan furta ta kamar sitelet, ma'anarta kuwa mai siffar tauraro, shi ke nan."

Yara suka fashe da dariya, don sun zaci za su ji wani abu mai ban tsoro. Daga nan muka yi darasin da zan maimaita muku yanzu.

Yadda tauraro ya ke

Na ce ko wane yaro ya zana tauraro a littafinsa. Da na zaga, sai na ga duk sun zana abu guda, watau wani abu mai tsinaye biyar ko shida. Ku ma na san haka za ku yi. Alhali kuwa tauraro ba shi da tsini ko ɗaya. Shi dunƙule ne ƙato na iska mai tsananin zafi, kewayayye kamar ƙwallo. Ranar nan tamu ita ma tauraruwa ce. Abin da ya sa ta fi sauran girma da haske a idonmu shi ne kusa da mu da ta ke. Duk da haka tsakaninmu da ita akwai wajen kilomita miliyan 150, haskenta kuwa ya kan yi minti 8 da 'yan kai kafin ya iso mu.

To, ina tsinayen nan suka fito? Daga idonmu ne. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan abu garai-garai kamar gilashi, shi ke tattara haske don mu gani sosai. An gina shi da zarurruka ƙanana ƙwarai, inda bakunansu suka haɗu kuwa akwai layuka kamar ɗinki, sun fita daga tsakiya zuwa gefe. Sa'ad da ɗigon haske mai ƙarfi ya ratsa wurin cikin duhu, sai ya ɗan warwatsu, mu ga kamar yana da tsinaye. Shi ya sa fitilar mota ma, in kun hango ta daga nesa da dare, ta kan yi kama da tauraro.

Sabo da haka in an ce abu yana da siffar tauraro, ana nufin yana da cibiya a tsakiya, da rassa ko tsinaye suna fita daga cibiyar ta ko wace fuska. Kun taɓa ganin gilashin mota da dutse ya buga? Wurin da dutsen ya sauka shi ne cibiya, tsagogin da suka bazu su ne rassa. Haka kuma gashin da ke jikin ganyen auduga, in an dube shi da madubi mai ƙara girman abu, za a ga da yawa daga cikinsa sun fito daga gindi guda sun baje kamar tauraro.

Asalin kalmar

Kalmar nan ba Turawan Ingila suka ƙaga ta ba, aro suka yi. Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawa na dā, waɗanda suka yi mulki daga birnin Rum a ƙasar Italiya. A harshensu sunan tauraro stella. In suna so su ce abu yana da taurari a jikinsa, sai su ƙara wa kalmar jela, su ce stellatus. Aikin jelar nan kamar aikin "mai" ne a Hausa. Mu mu kan sa ta a gaba, mu ce mai gishiri, mai tsini, mai taurari. Su kuwa a baya su ke sa tasu.

Wajen shekara 500 da suka wuce kalmar ta shiga Turanci. Da fari ana faɗinta ne ga sama, in ta cika da taurari. Daga baya masana suka riƙa kiran duk wani abu mai rassa kamar tauraro da ita.

Kalmar stella ta haifi 'ya'ya da yawa. Mutanen Italiya har yanzu haka su ke kiran tauraro. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke karatu da Faransanci su kan ce étoile, ita ma jikar stella ce. In kuwa kun taɓa jin wata yarinya mai suna Stella, to, sunanta Tauraruwa ke nan. Yunanawa na dā su kuma astron su ke cewa, Larabawa su ce najmu. Ku riƙe ta Yunanawan nan, za mu sake gamuwa da ita.

Kila ku ce, don me likitoci za su bar harsunansu su koma ga na mutanen da suka shuɗe? Dalili shi ne, shekaru aru-aru Latin ne harshen ilmi a ƙasashen Turai, kamar yadda Larabci ya ke ga malamanmu. Da shi a ke rubuta littattafan magani, da shi aka raɗa wa gaɓoɓin jiki suna. Har wa yau akwai amfani cikin haka. Likitan Kano da na Alƙahira da na Japan, ko ba su jin harshen juna, in ɗaya ya rubuta sunan gaɓa sauran sun san inda ya ke nufi. Kuskure kuwa a aikin likita ba ƙaramin abu ba ne.

Kada ku ɗauka wannan dabara ta Turawa ce kaɗai. Kakanninmu ma haka suka yi. Sun dubi ƙashin kai suka ga ya yi kama da ƙoƙo, suka ce ƙoƙon kai. Suka ce ƙoƙon gwiwa, da karan hanci, da gadon baya. Ko'ina a duniya, in mutum ya ga baƙon abu, ya kan kira shi da sunan abin da ya riga ya sani.

Kalmar a asibiti

Ku da ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi kun san babban asibitin nan da ke kan hanyar Zariya, wanda mutane ke kira Asibitin Malam. Cikakken sunansa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An kafa shi a 1988, aka sa masa sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, shi ma kuwa malamin makaranta ne tun da fari. A nan ɗaliban Jami'ar Bayero masu koyon aikin likita su ke samun horo. Ko wane ɗalibin likita, a nan ko a wata ƙasa, sai ya gamu da kalmarmu a wurare da dama. Ga kaɗan daga ciki.

Na ɗaya, rauni. In abu marar kaifi ya bugi goshi da ƙarfi, fata ta kan tsage ta fuskoki da yawa daga wuri guda. Likita sai ya rubuta cewa rauni ne mai siffar tauraro. Irinsa ya fi yankan wuƙa wuyar ɗinki. Ƙoƙon gwiwa ma ya kan fashe haka in mutum ya faɗi a kansa da ƙarfi.

Na biyu, haƙori. Tun haƙori yana ɓoye cikin dasashi, bai ɓullo ba, akwai waɗansu ƙananan abubuwa masu siffar tauraro da suka riƙe hannun juna kamar raga, suna tsare shi sa'ad da a ke gina farin ɓawonsa.

Na uku, wuya. A gindin wuya, kusa da haƙarƙarin farko, akwai wani ɗan ƙulli inda jijiyoyin saƙo suka haɗu suka rabu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sabo da rassansa aka kira shi ƙulli mai siffar tauraro. Ta nan saƙo ke bi zuwa fuska da hannu da zuciya, irin saƙon da ba mu ne ke aika shi da gangan ba, kamar na yin gumi. In wani irin ciwo mai raɗaɗi ya kama hannu ya ƙi jin magani, ƙwararren likita ya kan yi allurar kashe zafi daidai wurin, majinyaci ya sami sauƙi.

Na huɗu, ƙwaƙwalwa. Cikinta akwai waɗansu masu hidima, masu rassa da yawa, suna ciyar da jijiyoyin da mu ke tunani da su, suna kuma share musu wuri. Su da kalmar Yunanawa aka raɗa musu suna, aka ce astirosait, watau ƙwayar tauraro.

Na biyar shi ne mafi muhimmanci a gare mu, don haka za mu daɗe a kansa.

Taurarin hanta

Ku sani jikin mutum an gina shi ne da ƙananan abubuwa da a ke kira ƙwayoyin halitta, kamar yadda a ke gina ɗaki da tubali. Ƙanƙantarsu ta kai ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Hanta ma da su aka gina ta. Tana dama da ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta a jikin babban mutum wajen kilo ɗaya da rabi. Ita ke tace jini, ta ajiye abinci, ta yi ruwan ɗaci mai taimakon narkar da maiƙo.

A 1876, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani masani Bajamushe mai suna Karl Kupffer ya yanki hanta siriri ƙwarai, ya rina ta da wani ruwa da aka haɗa da zinariya, ya sa a madubi. Sai ya ga waɗansu ƙwayoyi baƙaƙe masu rassa, a warwatse cikin sauran. Ya kira su ƙwayoyin tauraro da harshensu na Jamusanci. Daga baya al'amarin ya rikice, aka haɗa su da waɗansu ƙwayoyi dabam da ke maƙwabtaka da su, har shi kansa Kupffer ya ɗauka abu guda ne.

A 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wani masani na ƙasar Japan, Toshio Ito, ya ba da labarin waɗansu ƙwayoyi cikin hanta masu ajiye ɗigon maiƙo. Sai a 1971, zamanin Sarki Ado Bayero, wani mutumin Japan kuma, Kenjiro Wake, ya nuna cewa ƙwayoyin Ito su ne dai taurarin nan da Kupffer ya gani tun fari. Ku lissafa ku gani, shekara 95 ke nan kafin gaskiya ta fito fili. Neman ilmi sai da haƙuri.

Mene ne aikin taurarin nan? Su ne rumbun bitamin A. Bitamin A wani sinadari ne da jiki ke samu daga abinci irin su manja, da karas, da mangwaro, da gwanda, da zogale, da alayyahu, da ƙwai, da ita hantar kanta. Abin da jiki bai bukata yanzu ba sai a kai shi hanta, taurarin nan su ajiye mafi yawansa, su riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan, kamar yadda maigida ke auno hatsi daga rumbu.

In rumbun nan ya zama wayam, abu na farko da ya kan sami mutum shi ne dundumi. Mai dundumi yana gani da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa laluben hanya. Tun zamanin dā likitocin Yunanawa sun lura cin hanta yana maganin dundumi, ko da ya ke ba su san dalili ba. Yanzu mun sani. Ashe taurarin ciki su ke taimakon ido ya ga taurarin sama.

In taurari suka fusata

Suna da wani aiki na biyu. In hanta ta ji ciwo, taurarin nan su kan farka, su zubar da ajiyarsu, su shiga saƙa waɗansu zarurruka masu tauri don su ɗinke wurin, kamar yadda tabo ke rufe miki a fata. In ciwon na ɗan lokaci ne, wannan alheri ne. Hanta gaɓa ce mai saurin farfaɗowa, in an kawar da abin da ke cutar ta da wuri ta kan warke.

Amma in abin da ke cutar ta ya zauna shekara da shekaru, taurarin ba su daina saƙa. Tabo ya hau kan tabo, har hanta mai laushi ta ƙandare, ta yi gurji-gurji, jini ya kasa ratsa ta sosai. Sa'an nan ne a ke ganin ciki ya tara ruwa ya kumbura, idanu su yi rawaya, mutum ya rame. Wani lokaci ma ciwon daji ya biyo baya. Mai gadi ke nan ya yi ta toshe ƙofofi don tsoron ɓarawo, har masu gida suka rasa ta inda za su fita.

Me ke cutar hanta haka? Shan giya yana yi. Yawan ƙiba yana yi. Amma a ƙasarmu babban abokin gāba shi ne wata ƙwayar cuta da a ke kira ciwon hanta nau'in B. Wani bincike da aka yi a duk Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin manya 100, wajen 8 suna ɗauke da ita. Yawancinsu kuwa ba su sani ba, gama ta kan yi shekaru tana ɓarna a ɓoye, mutum yana harkokinsa lafiya lau.

Cutar nan ta jini ta ke bi, da waɗansu ruwayen jiki. Uwa ta kan ba jaririnta wajen haihuwa. Ana kuma ɗaukarta ta aska, ko reza, ko allura, ko abin yankan farce, in an yi wa mai cutar aiki da su aka koma kan wani. Ba a ɗaukarta ta gaisawa da hannu, ko ta cin abinci a kwano guda, ko ta zama a benci ɗaya. Don haka kada ku guji mai ita, kada ku yi masa gori.

Ku lura da wannan da kyau. In babban mutum ya kamu, galibi jikinsa ya kan kore ta. Amma in jariri ne, cikin 10 wajen 9 za ta zauna musu a jiki. Shi ya sa rigakafin jarirai ya zama wajibi. Tun 2004 Nijeriya ta sa allurar ciwon hanta nau'in B cikin alluran da a ke yi wa yara kyauta a asibitocin gwamnati. Ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuwa a mako na 6, da na 10, da na 14. Wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar ƙwayar cutar cikin jini a 1965. Don tunawa da shi ne a ke yin Ranar Ciwon Hanta ta Duniya ko wace shekara ran 28 ga Yuli, ranar haihuwarsa.

Abin da za ku iya yi

Kada ku ce ku yara ne, wannan aikin manya ne. In an yi haihuwa a gidanku ko maƙwabta, ku tuna wa iyayenku da ladabi cewa a kai jariri allura tun ran farko, kada a jira sai bayan suna. In za a yi muku aski ko yankan farce, ku roƙa a sa sabuwar reza. Kada ku tsinci allura ko reza a bola ku yi wasa da ita. Kada ku ci gyaɗa ko masara da ta yi fumfuna, gama fumfunar nan tana da dafi mai cutar hanta. Kada ku sha magani sai wanda likita ya rubuta, kuma gwargwadon da ya faɗa. Ku riƙa cin ganye da 'ya'yan itatuwa don rumbunku ya cika. Wanda kuwa ya girma ba a yi masa rigakafi ba, ya je a auna jininsa. In ba shi da cutar a yi masa allura, in yana da ita akwai magungunan da ke danne ta.

Da na kai nan, yarinyar nan ta sake ɗaga hannu, ta ce, "Malam, ashe kalmar ba cuta ba ce, amma ta kai mu ga labarin cuta."

Na ce, "Madalla, kin fahimta. In kun gamu da baƙuwar kalma kada ku ji tsoronta. Ku tambayi ma'anarta, ku tambayi inda ta fito, sa'an nan ku bi ta ku ga inda za ta kai ku."

Ta ce, "Malam, an yi mini ƙani shekaranjiya. In na koma gida zan tambayi Umma ko an yi masa allurar."

Na ce, "Allah ya raya shi. In ba a yi ba, ki ce a kai shi gobe da sassafe."

Tambayoyi

1. Wace siffa tauraro ya ke da ita a gaskiya? Me ya sa mu ke ganinsa da tsinaye?
2. Daga wane harshe kalmar stellate ta fito, mene ne kuma ma'anarta?
3. Kawo sunayen gaɓoɓi uku na Hausa da aka raɗa sabo da kama da wani abu.
4. Faɗi ayyuka biyu na taurarin hanta.
5. Mene ne dundumi? Waɗanne abinci ke tsare mutum daga gare shi?
6. Yaushe ya kamata a yi wa jariri allurar farko ta ciwon hanta?

Aiki

Ka nemi abubuwa uku masu siffar tauraro a gidanku ko a hanyar makaranta. Ka zana su a littafinka, ka nuna cibiyar ko wanne da rassansa.